Agogon kwafi mai inji: in kan murzawa ya ƙi ko injin ya fara wasa

Maganar agogon kwafi ake, irin wanda fuskarsa ke ɗauke da sunan Rolex ko Omega amma injin cikinsa na China ne ko Japan, ba ya cin batir, sifirin ne ke tuƙa shi. Yawancin ɓarnar daga ɗan kan nan na gefe take farawa, wanda ake murzawa a saita lokaci, kuma mai agogon ne ke jawota da ƙarfin hannu.

Na ja kan ya ƙi fitowa, in ƙara ƙarfi?

Dan Allah kar ka ƙara. Yawancin agogunan kwafin Rolex kansu ɗaure yake da tiredi kamar noti, dabarar da Rolex ta fito da ita tun 1926 a agogon Oyster don hana ruwa shiga. Ka murza shi baya a hankali har ka ji ya ɗan tashi da kansa, sannan ka ja. In ka fizga da ƙarfi sandar ciki ce zata lanƙwashe ko ta karye.

Na saita, amma kan ya ƙi komawa ya ɗauru

Galibi tiredin ne bai hau daidai ba. Ka danna kan ciki kaɗan, ka juya shi baya tukuna har ka ji wani ɗan ƙas, nan ne bakin tiredin ya haɗu, sai ka ɗaure gaba da yatsu biyu kawai. Ƙarfen bututun da kan ke ɗaurewa a jikinsa a kwafi mai arha laushi gareshi, in ka tilasta shi sau biyu uku shikenan ya cinye sai an canja bututun da kan gaba ɗaya. Wani lokacin kuma ƙura ce ta cushe wurin musamman da hunturu, tsohon buroshin haƙori busasshe ya wadatar.

Kan ya fito gaba ɗaya da sandarsa, ko yana juyawa a banza

Wannan ita ce wadda tafi damun mutane kuma nan nake so a natsu. A cikin injin akwai wasu ƙananan ƙarafa da ke riƙe sandar, su ne ke sa ja na farko ya zama na kwanan wata, na biyu na lokaci. In sandar ta zare, ko dai ta karye, ko an yanketa gajere tun daga masana'anta, ko ƙarfen da ke riƙeta ya goce. Ka duba bakinta, in a karye yake to sabuwa za a sa, abu ne mai arha. In lafiyarta lau zaka iya maidata a hankali kana ɗan juyata har ta zauna, in ta ƙi ka tsaya nan. Injinan da aka kwaikwayo daga injin Switzerland mai suna ETA 2824, irin Seagull ST2130 na China, sun shahara da wannan matsalar, akwai ɗan maɓallin da ake dannawa a bayan injin a saki sandar, in aka danna shi da allura ya nutse da yawa sai ƙarafan su sauka daga mazauninsu, daga nan kuma sai an cire hannayen agogon da fuskar kafin a gyara, shiyasa masu gyara na ƙwarai ke amfani da sukuddireba mai faɗin milimita 1.2 don ba zata iya nutsewa ba. Gaskiya wannan ba aikin gida bane.

Yana tsayawa cikin dare

Ba lallai ya lalace ba. Motsin hannu ke cika sifirin, mai yini zaune a shago ko ofis ba ya ba shi isasshe. Ka murza kan sau 30 zuwa 40 ka ajiye ka gani, 2824 yakan kai kusan awa 38, NH35 na Seiko kusan 41. In ya mutu kafin rabin haka to mai ya bushe ko datti ya shiga. Kar ka ɗiga masa man keken ɗinki, kashe shi zaka yi.

Yana gudu da mintuna a rana ɗaya

Kusan kullum maganaɗisu ne, daga sifika ko murfin waya mai mannewa. Siririn sifirin da ke daidaita bugun ne zagayensa ke mannewa da juna sai ya riƙa sauri. Kusanto da agogon kusa da kamfas, in allurar ta motsa to shi ne, kuma mai gyara zai cire da na'ura cikin minti ɗaya ba tare da ya buɗe ba. Kar ka bari a taɓa maka saitin gudu kafin a gwada wannan.

Kwanan wata ya maƙale a tsakiya

Kada ka canja kwanan wata da kan tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba a lokacin da agogon ke nunawa, lokacin giyar ta riga ta kama, haƙorinta zai iya karyewa. Kai hannayen agogon zuwa ƙarfe 6 tukuna.

Ina jin ƙara a ciki in na motsa hannu

In injin Miyota 8215 na Japan ne ko DG2813 na China halinsu ne, ƙarfen da ke lilo a baya gefe ɗaya yake cika sifirin, ɗaya gefen yana gudu a sake. Amma in kana jin gogar ƙarfe da ƙarfe to sukurunsa ya kwance, cire agogon daga hannu kar ya karce injin.

Zan iya alwala da shi?

Ni dai ina cewa cire shi. Rubutun mita 300 a fuskar kwafi ba hujja bace, sau da yawa robar da ke hana ruwa shiga ta kan ba ta zauna ba ko babu mai a jikinta. In ka ga raɓa a cikin gilashi kai shi a buɗe ranar, tsatsa ba ta jira.

A gyara ne ko a canja injin?

Sa mai gyara ya buɗe bayan ya faɗa maka wane inji ne kafin a yi ciniki. DG2813 da NH35 sabon inji yakan fi kuɗin wanki da mai sauƙi, a sauya kawai. Kwafin injin ETA 7750 mai ƙananan agogo a fuska da kwafin injinan Rolex su ne masu wahala, kayan asali ba kullum suke shiga ba, kuma wurin sabis na kamfanin asali ba zai karɓi kwafi ba, don haka ka faɗa wa mai gyaran gaskiyar abin da ka kawo tun farko.