Nijar ta fi mu faɗin ƙasa, amma gonar gadonka fa, wa doka ta ba wa?

Gardama ce ta kaure a majalisarmu nan Kamba bayan la'asar, wani dattijo abokin kawuna da ya tsallako daga Gaya ta Nijar ya ce ƙasarsu ta fi Najeriya girma, samari suka yi masa caa wai ina Nijar ina Najeriya. To jama'a gaskiyar dattijon ce. Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ce, Najeriya kuma 923,768, wato sun ɗara mu da sama da dubu 340, abin da ya kai girman jihar Kebbi har sau tara. Sai dai wajen kashi 80 cikin 100 na ƙasarsu hamada ce, ka wuce Tawa ka nufi Agadas sai rairayi da duwatsu, noman damina duk a ɗan zirin kudu yake, Doso, Maraɗi, Damagaram da bakin kogin Kwara. Mu kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙasarmu ana iya nomawa, amma mun haura mutum miliyan 200, su ko miliyan 30 ba su kai ba. Kowa da irin matsinsa kenan, su ruwa ya yi musu kaɗan, mu kuma mutane sun yi wa gona yawa.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan shi ne tambayar da dattijon ya yi wa kawu daga baya, ya ce "Malam, fadamar nan da kuke shinkafa, kuna da takarda?" Kawu ya ce "Wace takarda? Nan munka tashi munka iske tsohonmu na noma ta, kowa ya sani." Wallahi wannan amsar ita ce amsar kusan kowane manomi daga Dandi har Argungu, kuma a nan matsalar take.

A Najeriya akwai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamnatin soja ta Obasanjo ce ta kafa ta ranar 29 ga Maris na shekarar. Sashe na 1 cewa ya yi duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna, amana yake riƙe wa al'umma. Ma'ana kai da ni ba mu mallaki ƙasa ba a idon doka, haƙƙin zama da amfani kawai muke da shi. In fili a birni yake kamar Birnin Kebbi, gwamna ke ba da takardar shaidar haƙƙin zama da ake ce wa C of O, galibi ta shekara 99. In a ƙauye ne ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙin zama na gargajiya, kuma an yi mata iyaka, ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 ta noma ko hekta 5,000 ta kiwo ba sai gwamna ya sa hannu. Wanda ya riga yana noma gonarsa kafin 1978 dokar ba ta kore shi ba, sashe na 36 ya ce ya ci gaba da nomansa tamkar an ba shi izini, amma sashen nan dai ya hana yayyanka irin wannan gonar a yi fuloti ko a miƙa ta ga wani, kuma ku duba cinikin gonaki nawa ake yi kullum a gaban mai gari da shaidu biyu da 'yar takardar hannu.

Inda abin ya fi ci min rai shi ne diyya. Gwamna na da ikon karɓe fili saboda amfanin jama'a, hanya ko makaranta ko asibiti, kuma abin da doka ta ce a biya ka shi ne abin da ka ɗora a kan ƙasar, gini, itatuwa, amfanin gona, rijiya. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta tunda dama ba taka ba ce. Na ga wannan da idona lokacin da wani aiki ya ratsa gonar maƙwabcinmu, masu awo suka zo da tef da littafi suka ƙirga mangwaro bakwai da rumbu ɗaya, shi ke nan lissafi ya ƙare, tsohon ya tsaya riƙe da hularsa yana tambaya ina kuɗin gonar da ya shekara arba'in yana kai mata taki, ba wanda ya iya ba shi amsa. Kuma dokar ba ta gyaruwa cikin sauƙi, an cusa ta cikin kundin tsarin mulki na 1999 a sashe na 315, taɓa ta sai an bi hanyar gyaran kundin gaba ɗaya.

Su Nijar wata hanya suka bi. Dokarsu ta karkara, wadda suke kira Kod Rural, ta fito ranar 2 ga Maris 1993, ta kuma amince cewa gonar da ka gada bisa al'ada mallakarka ce, darajarta ɗaya da ta mai takarda. Suka kafa kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo tun daga ƙauye har sama, mai gari a ciki, da wakilan manoma da makiyaya da mata, su ne ke rubuta gado da ciniki da aro da jingina. Tun 1961 ma suka ja layi a taswira, arewa da shi yankin kiwo ne ba na buɗe sabbin gonakin damina ba, a 2010 kuma suka ƙara dokar makiyaya da ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, ta kare burtali da mashaya. Ba wai rikici ya ƙare can ba ne, shi kansa baƙon ya ce gonaki sun daɗe da ƙetare layin, wasu Kofo ɗin ma ko kuɗin takarda ba su da shi. Amma a ganina sun fi mu kusanto da doka ga talaka, don a ƙauyensa ake rubuta masa, ba sai ya yi kuɗin mota zuwa babban birni ba. Mu ma Arewa muna da dokar hurumin kiwo ta 1965, to je ka nemi burtalin da shanu ke bi lokacin muna yara ka gani ko ba gero a kai yanzu.

Don haka mai gonar gado a Kebbi, je sashen filaye na ƙaramar hukumarku ka nemi a rubuta haƙƙinka na gargajiya, a auna a sa iyaka gaban maƙwabta da mai gari tun dattawan da suka san kan iyaka suna raye. In aro ka ba wani ko jingina a rubuta shekara nawa. In saye za ka yi ka tambayi matsayin gonar a hukuma kafin ka ƙirga kuɗi. Kawu dai ya ce in raka shi sakatariya da zarar an gama yankan shinkafa, har ya sa an nemo masa tsohon rasit ɗin haraji mai sunan mahaifinsa a ƙasan adaka.