Jadawalin raguwa mai sababi da yawa

Jadawalin raguwa mai sababi da yawa hanya ce da masu lissafin inshora da fansho suke bi don ƙiyasta yadda rukunin mutane yake raguwa shekara bayan shekara, idan hanyar fita ta wuce ɗaya. Jadawalin mace-mace mutuwa kaɗai yake ƙirgawa. Shi kuwa ma'aikacin da ke cikin tsarin fansho, yana iya rasuwa, ko ya nakasa, ko ya ajiye aiki, ko ya kai ga ritaya, kuma kowace hanya da irin kuɗin da za a biya.

Tarihi

Galibi ana danganta asalin wannan lissafi da Daniel Bernoulli, masani ɗan Suwizalan, da kuma cutar agana. A 1760 aka gabatar da bincikensa a gaban Cibiyar Kimiyya ta Paris, aka buga shi a 1766. Ana ta muhawara a Turai a lokacin kan yi wa lafiyayye lamba da ruwan ƙurjin agana don kare shi daga cutar, domin wani lokaci lambar kanta tana kisa. Bernoulli ya ɗauko jadawalin da Edmond Halley, masanin taurari ɗan Ingila, ya fitar a 1693 daga bayanan haihuwa da mutuwa na birnin Breslau (Wrocław na ƙasar Poland a yau), ya ware mace-macen agana daga sauran. Ya ƙaddara cewa duk shekara mutum 1 cikin 8 na waɗanda ba su taɓa kamuwa ba zai kamu, kuma 1 cikin 8 na masu cutar zai mutu. Lissafinsa ya nuna da a ce babu agana, da tsawon ran da ake sa wa jariri ya ƙaru da kimanin shekara 3. D'Alembert, masanin lissafi ɗan Faransa, ya soki aikin tun kafin a buga shi.

Wajen 1874 William Makeham, masanin lissafin inshora, ya shigar da tunanin cikin harkar inshora a Ingila, inda ya nuna cewa ƙarfin kowane sababi, wato saurin da yake rage mutane, ana haɗa shi da na sauran a sami jimilla.

Yadda ake lissafi

Misali, ma'aikata 1,000 ne masu shekara 40. Cikin shekara guda, mutum 5 suka rasu, 10 suka nakasa, 60 suka bar aiki; saura 925. Abin lura shi ne sababan suna rige-rige: wanda ya bar aiki a watan Maris, in ya rasu a Satumba ba zai shiga lissafin mamatan kamfanin ba. Don haka ake bambanta adadin da aka gani da wanda za a gani da sababin shi kaɗai ne.

Amfani

Ana amfani da shi wajen tantance bashin fansho da giratuti, da sa farashin inshorar rai da ta nakasa.

Saɓani

Lissafin yakan ɗauka sababan ba su shafi juna ba. Masana da dama ba su gamsu ba, tunda marar lafiya ba kasafai yake yarda inshorarsa ta yanke saboda daina biya ba. A 1975 Anastasios Tsiatis, masanin ƙididdiga, ya nuna cewa alƙaluman fita kaɗai ba za su iya tabbatar da wannan zato ko rushe shi ba.