Wane littafi za a ba yaro? Tambayoyin iyaye da malamai a Maraɗi

Da zarar an koma lakwal a watan Oktoba, tambayoyin nan sukan taso, daga bakin iyaye a ƙofar makaranta da kuma malaman da aka damƙa wa aji cike da yara ba tare da littafin labari ko ɗaya ba.

Ɗana yana CE1, aji na uku. Wane littafi ya dace da shi?

Aji ba ya faɗin iyawar yaro. A benci guda akan samu mai karanta shafi ba gargada, ga kuma na kusa da shi yana ta fama da haɗa baƙi da wasali. Saboda haka gwada shi za a yi. Buɗe littafin a tsakiya, ka ba shi shafi ɗaya ya karanta da murya, kai kuma kana lanƙwasa yatsa duk inda ya yi tuntuɓe. In yatsu biyar suka ƙare shafin bai ƙare ba, littafin ya fi ƙarfinsa. In biyu ne ko uku, ya yi daidai. In ba ko ɗaya, a bar masa ya more, don da irin wannan ne bakinsa ke sakewa.

Daga nan sai a rufe littafin a ce, "To, me ya faru?" Yaro yakan iya kiran kalmomin Faransanci tiryan-tiryan alhali bai san ko akuya ake magana ko jirgi ba. Wanda ya kasa maimaita labarin da bakinsa bai karanta ba tukuna, ya dai kira baƙaƙe.

Littafin da ya faɗi wannan gwaji ba a jefar da shi, ana karanta wa yaron ne. Kunnen yaro ya riga idonsa girma: ɗan shekara bakwai da ba ya iya haɗa jimla zai bi labari mai tsawo har ƙarshensa in wani ke karantawa. Kowane yaro yana buƙatar iri biyun, wanda zai karanta da kansa da wanda za a karanta masa.

Da Hausa za a fara ko da Faransanci?

Da harshen da yake faɗa da ƙannensa. Koyon karatu aiki ne guda, koyon baƙon harshe aiki ne dabam, kuma haɗa wa ɗan CI, wato ajin farko, su biyun a lokaci ɗaya shi ke sa yara da yawa su tsani takarda. Rubutun Hausa yana da sauƙi ta wannan fuska, domin kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa, saɓanin Faransanci inda ake rubuta baƙaƙen da ba a furtawa. Yaron da ya gane yadda baƙi ke haɗuwa da wasali a Hausa, da wannan sanin zai shiga Faransanci. Wannan ba sabon tunani ba ne a Nijar: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da harshen gida a Damagaram.

Ba a ce a hana shi na Faransanci ba. Daga CE1 a haɗa masa duka biyun, kuma in an sami labari ɗaya cikin harsunan biyu, a fara da na Hausa.

A ba mu sunaye. Me za mu nema?

Ga mai fara haɗa baƙi, jerin Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu na kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya har yanzu yana aiki, don an jera shi daga sauƙi zuwa wuya. Sai Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida. Amfaninsa shi ne yaro ya riga ya san Gizo da Ƙoƙi da kura daga bakin kakarsa, idan ya ci karo da kalma mai wuya labarin da ya sani yakan tsallakar da shi.

Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai littafi uku, wanda ya fara fitowa a 1937, shi kowa ke fara ambata, kuma shi aka fi ba yaro tun lokaci bai yi ba. Jimlolinsa dogaye ne, karin magana ya yi yawa, hotuna kaɗan. Ɗan CM1 ko CM2 (aji na biyar ko na shida) mai ƙarfin karatu zai iya da kansa, na ƙasa da haka a karanta masa labari ɗaya a dare. Tsarinsa ma ya dace da hakan, tunda aku ne ke ba ɗan sarki labari bayan labari, ana iya tsayawa a ƙarshen kowanne. Babba ya fara duba labarin shi kaɗai, akwai waɗanda suka fi dacewa da ƴan kwaleji.

A ɓangaren Faransanci, tatsuniyoyin Nijar da Bubu Hama ya tattara sun dace da manyan aji. Kamfanin Gashingo na Yamai kuma yana buga littattafai cikin harsunan ƙasa.

Littattafan da ake kawowa daga Kano da Katsina ba za su rikita yaro ba?

Kaɗan ne bambancin, kuma bayani ɗaya ya isa. A Nijar ana rubuta ƴaƴa da ƴ mai lanƙwasa, a Najeriya 'ya'ya da ɗan waƙafi a sama. A nuna masa sau ɗaya a kan allo cewa sauti guda ne. Sai kuma karin harshe: yaron Maraɗi yana cewa hura da tahi, littafi ya rubuta fura da tafi. Kada a ce masa nasa kuskure ne, a ce haka ake rubutawa. Naira da firamare da makamantansu, jimla ɗaya ta fassara su.

Abin da ya fi wannan ɓarna shi ne bugun da aka zubar da ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ. Babba yana gane kofa ƙofa ake nufi, mai koyo ba ya ganewa, kuma a wurinsa ɓari da bari sun zama abu ɗaya. Kafin a biya kuɗi a duba shafi biyu ko uku. In babu ƙugiya, a ajiye.

Ni ban yi boko ba. Me zan iya yi?

Da yawa, Hajiya. Ki sa yayan ya karanta, ke ki zama mai tambaya: "Don me ya gudu? Kai da me za ka yi?" Littafin hotuna kuwa ba ya buƙatar boko, ki ɗora ƙaramin a cinya ku ba da labarin daga hoton. Minti goma sha biyar bayan sallar isha'i kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi. Tatsuniyarki ma littafi ce: ki faɗa, ɗan CM ya rubuta a kaye, ƙanensa ya zana hoton.

Ajina yara saba'in ne, littattafai goma. Yaya za a yi?

Littafi goma daban-daban ya fi kwafi goma na littafi ɗaya. A raba yara rukuni goma na bakwai-bakwai, a sa mai ƙarfin karatu ɗaya a kowane rukuni, littattafan su riƙa zagayawa duk mako. Cikin mako goma kowane yaro ya taɓa kowane littafi. Matsalar da aka saba gani ita ce mai ƙarfin ya riƙe littafin shi kaɗai, sauran su koma wasa. Maganinta shi ne kowa ya karanta layi biyu ya miƙa, kuma malam ya zaɓi wanda zai ba aji labarin ba tare da ya faɗa tun farko ba.

Ga CI da CP (aji na biyu) a yi babban littafi. A sami kwali takwas, a rubuta jimla ɗaya a kowanne da baƙaƙen da na bencin ƙarshe zai gani, a zana hoto, a huda gefe a ɗaure da igiya. Malam yana karantawa yana bin kalmomi da sanda daga hagu zuwa dama. Wannan yana da muhimmanci a nan, domin yawancin yaran sun fara da allo, idonsu ya saba tasowa daga dama.

Aron littafi zuwa gida a yi shi ranar Juma'a, a dawo da shi Litinin, da kaye mai ɗauke da sunan yaro da na littafi da kwanan wata. Wasu za su yage, ɗaya ko biyu su ɓata. Darektan da ya kulle su a kabad don tsoron haka, gara ce za ta karanta masa su.

Akwai na kyauta a waya?

Akwai. African Storybook da Bloom Library da StoryWeaver duk suna da labaran Hausa masu hotuna, ana saukewa a karanta ba tare da intanet ba. Na farkon ya kasa labaransa mataki biyar, daga kalmomin farko zuwa waɗanda ake karanta wa yaro.

Amma waya ta baba ce, tana fita da shi, saboda haka gara a buga. Littafi mai shafi 16 takarda huɗu yake ci, gaba da baya, a ninke biyu. A gaya wa mai bugawa tsarin ɗan littafi ake so: takardar farko tana ɗaukar shafi na 16 da na 1 a fuska ɗaya, na 2 da na 15 a bayanta. In aka buga a jere, da an ninke labarin ya hargitse. A fara buga kwafi ɗaya a duba, har da ƙugiyoyin baƙaƙe.

Me ke kashe littafi da wuri?

Zafin bazara yana busar da gam, shafuka su riƙa zubewa, danshin damina kuma yana sa ƙarfen maƙala tsatsa ya ci takarda. Tun littafi yana sabo a ɗinke tsakiyarsa da zare mai ƙarfi ta huda uku, a liƙa ƙyalle a ƙashin bayansa. A ajiye su cikin adaka, a ɗora ta bisa bulo nesa da bango saboda gara, a riƙa buɗewa ana kaɗe su ko a lokacin babban hutu. In ajin na zana ne, adakar ta kwana a ɗakin darekta ko a gidan malam, a kawo ta da safe.