Me Ake Nufi da "Listed Building" a Scotland?

Duk mai duba tallan gidaje a Birtaniya zai ci karo da kalmar "listed building". Ma'anarta ginin da hukuma ta saka a jerin gine-ginen tarihi da doka ta ba kariya. A Scotland, hukumar Historic Environment Scotland ce ke riƙe da wannan jeri, kuma ta kasa shi rukuni uku: A, B da C, inda A ya fi daraja.

Mutane da yawa na zaton gwamnati ce ke karɓe gidan. Ba haka ba ne. Gidanka naka ne, kana iya zama a ciki, ka ba da haya ko ka sayar. Amma dokar kare gine-ginen tarihi ta 1997 ta ce ba ka da ikon rushe shi ko sauya masa kama, ciki da waje, sai da izinin ƙaramar hukuma. Ko tagar katako kake son cirewa ka sa ta roba, sai ka nema. Wanda ya yi gaban kansa, ana iya gurfanar da shi a kotu.

Alal misali, a garin Culross da ke yankin Fife (mutanen wurin Kuros suke cewa) akwai gidan da attajirin kwal da gishiri, Sir George Bruce, ya fara ginawa a 1597 ya ƙara masa wani sashe a 1611. Bangonsa rawaya ne, rufinsa na jajayen tayil masu lanƙwasa. Ƙungiyar National Trust for Scotland, mai kula da wuraren tarihi, ta sayi gidan a 1932, kuma yana rukunin A.

Abin da ya fi burge ni shi ne batun yaɓe. Irin waɗannan gidaje na dutse, farar ƙasa ake kwaɓawa da yashi da tsakuwa, a riƙa watsa wa bango. Wannan yaɓen yana barin danshi ya fita. Idan aka shafe bangon da siminti, ruwa na maƙalewa a ciki, dutsen ya riƙa rububbugewa a ɓoye. A ƙasa mai yawan ruwan sama kamar Scotland, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Shi ya sa ake sa ido har kan abin da magini zai kwaɓa.

Gaskiya akwai nauyi a kan mai gida, domin gyara da kayan asali yana cin kuɗi, maginan da suka iya aikin farar ƙasa kuma ba su da yawa.