Gano Tushen Yoyon Baƙin Mai a Tsohon Babur

Yoyon baƙin mai shi ne tsiyayar man inji ta wata kafa da bai kamata ya bi ba, kuma yana cikin matsalolin da suka fi kai tsofaffin babura gaban makanikai. A ƙananan babura irin su Bajaj Boxer mai cc 100, da TVS, da Honda CG125 da kwaikwayonta na ƙasar Sin, man da ke cikin inji kimanin lita ɗaya ne kacal, kuma shi ne ke shafe fistin da giya da kuloci duka, sannan yana ɗauke wani kaso na zafin injin, tunda iska ce ke sanyaya waɗannan injina ba ruwa ba. Saboda ƙarancinsa, ɗigon da mai mota zai iya kau da kai a kansa yana iya ƙone injin babur idan aka bar shi.

Wahalar ganewar ita ce, inda aka ga mai ba lalle ne nan ya fito ba. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, don haka tsiyayar da ta faro daga saman inji takan taru a ƙarƙashinsa, har mai babur ya yi ta ɗaure notin juye mai alhali ba shi da laifi.

Yanayin Legas

Yawancin baburan da Hausawa 'yan acaɓa ke nema da su a unguwanni irin su Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago suna aiki ne daga asuba har dare. A cikin gosulo inji yakan daɗe yana kunne ba tare da iska ta ratsa shi ba, kuma zafin da ke taruwa yana busar da roba da gaskit (shimfiɗar da ake sawa a mahaɗar ƙarfe biyu don hana mai fita) har su taurare su tsage. Da damina ruwan da ke kwanciya a tituna yana kai yashi bakin sil, wato zoben robar da ke hana mai fita a inda sandar ƙarfe ta ɓullo daga inji, yashin kuma yana cin leɓen robar da ƙarfen da take riƙe da shi. Haramcin da gwamnatin jihar ta sanya wa acaɓa a ƙananan hukumomi shida a Fabrairun 2020, wanda ta sabunta a Yunin 2022 ta kuma ƙara wasu huɗu a Satumban shekarar, ya sa da dama suka koma lunguna da gefen gari, inda ramuka da duwatsu kan bugi gindin inji su tsaga shi.

Tantance abin da ke ɗiga

Kafin a kwance komai, ana fara tabbatar da cewa abin da ake gani man inji ne. Fetur da ke zuba daga kafireta ba shi da kauri, yana da ƙarfin wari, kuma yana bushewa da wuri. Man shokazoba na gaba yana barin zobe mai danshi a jikin sandar ƙarfen, ya gangaro wajen tayar gaba, wanda hakan ke da haɗari domin yana iya kaiwa ga birki. Man da ake ɗiga wa sarƙa yakan fantsamu a murfin haƙoran sarƙa na gaba ya yi kama da yoyo, musamman da yake da yawa daga cikin masu babura tsohon baƙin mai suke zuba mata. A babura masu bugu biyu, wato masu ƙona mai haɗe da fetur, irin su Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da aka kwaikwaya daga gare ta, baƙin danshin da ke ɗigowa daga bakin salansa ragowar man da ke ƙonewa tare da fetur ne, ba yoyo ba.

Akwai kuma babur ɗin da mansa ke raguwa ba tare da an ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Irin wannan shan mai yake yi ta zoben fistin ko ta robar bawul, kuma alamarsa ita ce shuɗin hayaƙi da fulogi mai baƙin maiƙo.

Yadda ake bin sawun yoyon

Hanyar da ta fi inganci ba ta buƙatar kayan aiki masu tsada, haƙuri kawai take so. Ana jira inji ya huce, a wanke shi da kananzir da buroshi, a bi da ruwan omo, a bar shi ya bushe sarai. Wanke injin da ke da zafi da fetur, kamar yadda ake gani a wasu rumfunan gyara na bakin titi, ganganci ne da kan jawo gobara. Bayan nan sai a kafa babur a kan tsayawarsa ta tsakiya, a shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinsa, a duba yawan man da ma'aunin da ke jikin murfin zuba mai, sannan a tayar da inji ya yi minti goma zuwa sha biyar. Wasu makanikai kan barbaɗa hodar jarirai a kan gaɓoɓin injin, domin farar hodar tana nuna ɗan siririn layi mai duhu a daidai inda mai ya fara ɓullowa. Idan ba a ga komai ba, sai a ɗan zaga da babur a sake dubawa da tocila, tunda wasu kafofin ba sa buɗewa sai ƙarfe ya yi zafi. Ƙa'idar ita ce a nemi wuri mafi tsayi kuma mafi kusa da gaba wanda ya jiƙe. Ɗigon da aka tarar a kan kwali da safe, alhali babur a kashe ya kwana, yana nuna cewa kafar tana ƙasa da matakin da mai yake kwanciya.

Wuraren da aka fi samun matsala

A saman inji, robar murfin tafet, wato murfin da ke rufe kan injin, ita ce ta fi saurin bushewa, kuma ita ce mafi sauƙin canzawa. Gaskit ɗin kan silinda da na gindinta sun fi ta wahala, domin sai an sauke kan inji, kuma yoyonsu yakan bayyana ne a matsayin baƙar ƙura mai maiƙo da ta manne a tsakanin fukafukan silinda. A ɓangaren dama akwai gaskit ɗin murfin kuloci da sil ɗin sandar kik.

Ɓangaren hagu ne ya fi rikitar da mutane, domin a nan sil ɗin da ke bayan haƙoran sarƙa na gaba da na sandar canjin giya suke kusa da juna, ga kuma dattin sarƙa ya lulluɓe su. Sai an cire murfin an goge wurin kafin a bambance su. Idan sil ɗin bayan haƙoran ne ke ta lalacewa bayan kowane canji, to a duba sarƙar: ɗaure ta tam ba tare da barin sassauci ba yana jan sandar gefe guda ya cinye boris, musamman idan ana ɗora fasinja biyu ko buhunan kaya. Irin wannan yoyon ba a yi masa jinkiri, domin sarƙa tana watsa man a kan tayar baya.

A ƙasa kuwa, wasar notin juye mai, wato ɗan zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin kan notin, takan baje bayan an kwance ta sau da yawa, kuma ɗaure notin da ƙarfin tsiya yana cinye zaren da ke jikin alminiyon, ko ma ya tsaga shi.

Matsin cikin inji

Wani lokaci laifin ba na sil ko gaskit ba ne. Kowane inji yana da ƙaramin tiyo da yake numfashi ta cikinsa, kuma idan laka ta toshe shi ko ya lanƙwashe, iskar da ke taruwa a ciki takan tura mai ta kowace kafa mai rauni. Haka abin yake idan an cika mai ya wuce alama, ko zoben fistin ya cinye har hucin ƙonewa yana sauka cikin gindin inji. Alamar wannan ita ce yoyo daga wurare da dama a lokaci guda, ko tarar da mai a cikin akwatin matatar iska. Man da ya koma kalar shayi mai madara ruwa ne ya shige shi, abin da kan faru bayan an ratsa ambaliya, wanda kuma ya ƙaru da kansa yana warin fetur, kafireta ce ke malala a cikinsa. A waɗannan halaye canza sil ɓarnar kuɗi ce muddin ba a gyara tushen ba, haka ma lafta gam a bayan gaɓar da ke yoyo, domin gam ɗin da ya yi yawa yakan ɓalle ta ciki ya toshe ragar tace mai da siraran hanyoyin da ke kai mai zuwa kan silinda.