Sa hannun majinyata da ma'aikata wajen kula da asibitoci a Jihar Gombe

Sa hannun jama'a wajen kula da asibitoci tsari ne da ke bai wa masu zuwa neman magani da masu ba da shi damar faɗa a ji kan yadda ake gudanar da asibiti, yadda ake kashe kuɗinsa, da kuma yadda ake hukunta wanda ya yi sakaci. A Jihar Gombe, mai ƙananan hukumomi 11 da gundumomi 114, an fi ganin wannan tsari a ƙananan asibitocin gunduma, inda talaka ke fara zuwa idan jiki ya motsa.

Tushen abin yana komawa ga taron Alma-Ata na 1978, wanda ya bayyana cewa jama'a na da haƙƙin shiga tsara kiwon lafiyarsu. Shirin Bamako na 1987 ya ƙara da cewa al'umma ta riƙa lura da kuɗin magunguna. A Najeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya dage kan kafa kwamitocin lafiya na ƙauyuka. An kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa a 1992, daga baya kuma aka mai da gunduma ta zama ginshiƙin tsarin.

Kwamitin ci gaban gunduma, wanda ma'aikata ke kira WDC, shi ne zuciyar lamarin. Yakan ƙunshi wakilan unguwanni, malaman addini na masallaci da na coci, wakilan mata da na matasa, da shugaban asibitin da aka fi sani da incaji. Hakimi ko dagaci yakan zama uban kwamiti. Suna zama wata-wata, su duba ko akwai magani a ɗakin ajiya, ko ungozoma na kwana a bakin aiki, ko mata na fitowa awon ciki, su kuma bi gida-gida idan wasu sun ƙi kai yara rigakafi.

Ƙarfin kwamitin ya ƙaru ne bayan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Dokar ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Wani kaso na kuɗin yana shiga asusun bankin asibitin gunduma kai tsaye, kuma ba a cire shi sai incaji da shugaban kwamiti sun sa hannu tare. Wannan sa hannun ba ƙaramin abu ba ne. Manomi ko ɗan kasuwa da a da iyakarsa ya tsaya a layi da kati, yanzu yana iya tambayar inda kuɗin gyaran rufin ɗakin haihuwa ya shiga, ya kuma ƙi sa hannu har sai ya gamsu. A ɓangaren inshora kuwa, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Gombe, wato GoHealth, ce ke biyan asibitoci kuɗin waɗanda ta yi wa rajista, tana kuma karɓar ƙorafinsu.

Su ma ma'aikata suna da nasu hukumomin, kuma mafi yawan mambobinsu 'yan sana'ar ne. Akwai majalisar likitoci da likitocin haƙori, da ta ma'aikatan jinya da ungozomomi, da ta masu harhaɗa magunguna. Su ke ba da lasisi, su ke janye shi. Wanda ke son kai ƙarar likita sai ya rubuta ƙorafi bisa rantsuwa, kwamitin bincike ya duba, in an ga akwai abin tuhuma a miƙa wa kotun ladabtarwa. Hanya ce mai nisa ƙwarai ga mutumin Shongom ko Nafada, musamman da yake hedikwatar majalisar likitocin tana Abuja.

Dokar 2014 ta hana a ƙi duba wanda aka kawo cikin gaggawa, ta kuma bai wa kowa damar kai kuka kan yadda aka yi masa. A Yulin 2018, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata guda 12, ciki har da sanin ciwonka da harshen da kake ji, sanin kuɗin da za ka biya, da rufa maka asiri.

Babban raunin tsarin shi ne waɗanda suka fi kowa zama a bencin asibiti, wato mata masu juna biyu da masu goyo, su ne muryarsu ta fi ƙaranci a wurin taro. Kunya da gudun ɓata wa malamin asibiti rai, wanda gobe ma wurinsa za a koma, suna sa a haɗiye magana a ce ƙaddara ce. Akwatin ƙorafi kuma ba ya amfanar wadda ba ta iya rubutu ba. Haka nan ma'aikaciyar da ke karɓar haihuwa ita kaɗai da fitilar waya tana da nata kukan, kuma sau da yawa zaman kwamitin gunduma ne kawai wurin da za ta faɗe shi a gaban dagaci da mazajen matan da take dubawa.