Ɗaukar negatif da kyamara a gida: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da aka ji ina mayar da tsofaffin negatif hotunan kwamfuta, ban sake hutawa ba. Wannan ya tare ni a bakin masallaci, wancan ya aiko saƙo ƙarfe sha ɗaya na dare, kuma tambayoyin duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. To ga amsoshin wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wai me ake yi ne ma?

Ka shimfiɗa negatif a kan fitila mai faɗi, ka ɗauki hotonsa daga sama, ka juya shi a kwamfuta, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi. Shi ke nan.

Wace kyamara zan saya?

Kada ka sayi ko ɗaya. In ta hannunka ana cire mata lens kuma tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, ta isa. Kyamara mai megafiksel 24 tana shimfiɗa fiksel 6,000 a kan tsawon hoton fim na 35mm, wanda milimita 36 ne, kusan ɗigo 4,200 ke nan a kowane inci. Fim ɗin da kawunka ya ɗauka da 'yar kyamarar roba ranar sunanka bai ɗauko abin da ya kai haka ba. Ba a wajen kyamara gizo ke saƙar ba.

Da waya fa?

Don a gane wa ke cikin hoton, eh. Don ajiya, a'a.

Me ya sa hotunana suka cika da fararen ɗigo da zare-zare?

Ƙura ce, Malam. Ka baje negatif cikin watan Janairu, hazo ya rufe gari, taga a buɗe, fanka tana juyawa a kanka, sannan ka zo kana tambayata. Ƙwayar ƙura tana tare haske, ta fito baƙa, in ka juya hoton ta koma fara. Sikana mai tsada tana da hasken infrared, wanda ido ba ya gani, da ke gano ƙura ta goge ta da kanta, abin da ake kira Digital ICE, kodayake shi ma ba ya aiki a kan fim fari da baƙi mai azurfa. Kyamararka ba ta da wannan gata. Duk ƙurar da ka bari, kai za ka zauna kana cire ta ɗaya bayan ɗaya.

Rufe taga, kashe fanka, goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma ka bari ya bushe. Sayi 'yar robar hura iska, ka hure gaba da bayan kowane yanki kafin ka saka shi. Kada ka hura da baki, yawu zai biyo. Kada ka goge da gefen riga. A busasshiyar iskar hunturu fim yana jan ƙura kamar maganaɗisu in an goga shi, don haka rage shafe-shafe. Riƙe shi ta gefe, kamar yadda ake riƙe faifan CD.

Dole sai lens na makro?

Dole. Shi ne lens ɗin ɗaukar abu kusa-kusa. Wanda aka rubuta wa 1:1 kake so, ma'ana abu mai milimita 36 ya cika milimita 36 a kan idon kyamara, wato farantin da ke karɓar hoton a cikinta. Ba sai sabo ba, ba sai mai saita kansa ba, don da hannu za ka saita. Tsohon Micro-Nikkor 55mm f/2.8 yana aikin, amma shi kaɗai a 1:2 yake tsayawa, sai ka ƙara masa zoben PK-13 ya kai 1:1. In kyamararka mai ƙaramin ido ce, irin APS-C, kusan 1:1.5 ya ishe ka. Gilashin nan mai araha da ake ɗaurawa a bakin lens kuwa, tsakiyar hoto zai fito, gefe ya narke. Araha ba ta ado.

Zan iya haska shi da fuskar waya ko tabulet?

In ka ɗora fim kai tsaye a kanta, fiksel ɗin fuskar za su fito a hoton kamar ragar sauro. Sai ka ɗaga fim ɗin sama da 'yan santimita kafin su ɓace. Gara ka nemi fitilar LED mai faɗi wadda aka rubuta wa CRI 95 ko sama, wato ma'aunin yadda haskenta ke fito da launi daidai. Mai aiki da USB ta fi, ka jona ta da fawa bank. In an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ko janareta yana hawa yana sauka, haskenka ba zai canja ba. Sannan ka rufe duk hasken da ya wuce gefen fim da baƙin kwali, ka kashe fitilar ɗaki. Hasken da ya ɓuɓɓugo ta gefe yana shiga lens ya wanke hoton, gefensa ya yi wani launi daban.

Gefe ɗaya ya fito tar, ɗaya ya yi dishi-dishi. Lens ɗina ya lalace?

Lafiyarsa lau. Kyamararka ce a karkace, ko fim ɗin ya lanƙwashe. A irin wannan kusanci abin da ke fita sarai bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Ɗora ƙaramin madubi a inda fim zai zauna, ka leƙa, ka yi ta gyara har sai ka ga bakin lens ɗinka daidai tsakiyar hoto. Fim kuma a sa shi a mariƙi. Akwai na Valoi, da Essential Film Holder, da DigitaLIZA na Lomography, in babu hali ka yanka kwali biyu masu kauri ka yi musu taga. Danne shi da gilashin taga yana jawo wasu zobba masu launin bakan gizo. Na gaya maka tun yanzu.

To saitin fa?

RAW. ISO, wato ma'aunin saurin kama haske, mafi ƙanƙanta. Ƙofar lens f/5.6 ko f/8, kada ka matse zuwa f/16, laushi zai ƙaru. Ƙara girman hoton a fuskar kyamara ka saita a kan ƙwayoyin fim ɗin kansu. Sa jinkirin daƙiƙa biyu, ka cire hannunka, kuma a hana yara guje-guje a ɗakin. Ba da haske sosai har wurin da ya fi haske ya kusa ƙonewa amma bai ƙone ba.

Na juya hoton, kowa ya koma shuɗi kamar an tsoma shi a marina. Yaya zan samu launin gaskiya?

Yawwa. Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba ni da amsar da zan rantse a kanta.

Shuɗin dai ba laifinka ba ne. Ɗaga negatif mai launi ka duba, duk jikinsa ruwan goro ne, kishiyar ruwan goro kuwa shuɗi. Ba tsufa ne ya sa shi haka ba, da gangan aka yi. Fim ɗin yana da rini hawa uku, biyu daga ciki ba su da tsabta, suna shan hasken da ba nasu ba, sai masu ƙira suka sa wannan ruwan goron ya cike giɓin. An tsara abin ne don a haska shi a kan takardar wanke hoto, ba don ido ko kyamara ba. Kusan duk negatif mai launi da za ka tono a akwatin gidanku, Kodak Gold ne ko Fujicolor ko Konica ko Agfa, da tsarin C-41 aka wanke shi, wanda Kodak ta fito da shi a 1972, amma kowanne da irin nasa ruwan goron. Saitin da ya yi wa wannan daidai zai iya ɓata wancan.

Matakin farko ba gardama a kansa. Ka bar ɗan gefen fim inda babu hoto ya shiga cikin ɗauka ɗaya aƙalla, ka nuna wa manhaja cewa wannan shi ne tushe. Bayan haka ka yanke gefen kafin ka ce ta juya, don in ta ga ramukan fim ko fitila tsirara lissafinta zai rikice. Manhajar da aka fi yayi ita ce Negative Lab Pro, tana zama cikin manhajar gyaran hoto ta Lightroom, kuma da kuɗi. Ta kyauta akwai darktable, wadda ta samu sashen negadoctor a 2020, akwai RawTherapee. Dukkansu suna aiki. Wadda ta fi kuwa, ya danganta da fim ɗin da kuma haƙurinka.

Daga nan ne abin ke zamewa. Manhajar da ke juyawa da kanta cinta take yi. Tana neman wuri mafi haske ta ce fari ne, mafi duhu ta ce baƙi ne, ta raba sauran a tsakani. A hoton titi wannan yakan yi daidai. Amma kawo mata hoton biki, mata ashirin sun yi ankon atamfa kore sun cika hoton, sai ta ɗauka koren kuskure ne, ta zuba ja don ta kashe shi, fuskoki su koma kamar jan yaro. Haka jar ƙasa, haka bangon da aka shafa wa shuɗin fenti. Abin da nake yi, kuma ban ce shi kaɗai ne hanya ba, na nemi hoto ɗaya a cikin fim ɗin mai fari da baƙi da fuska, na gyara shi da hannu, na kwafa saitin zuwa 'yan'uwansa da aka ɗauka a haske iri ɗaya. Na ce iri ɗaya. Na tsakar gida da rana daban, na ɗaki da filasha daban, na ƙarƙashin doguwar fitila mai sa komai kore daban.

Ko farin ma a yi hattara da shi. Farar babbar riga ta Sallah sau da yawa ta sha bula. In ka tilasta mata zama fara fat, sauran hoton zai karkata zuwa rawaya. Wani lokaci farin takarda ko bangon siminti sun fi ta amana, wani lokaci babu ko ɗaya, sai ka bi fata. A kan fata kuwa ina da magana: kada ka haskaka mutane. Manhaja takan ja fuska mai duhu sama don ta ga kamar hoton bai samu haske ba. Kakarka baƙa ce kyakkyawa, bar ta yadda Allah ya yi ta.

Sai kuma abin da babu manhajar da za ta sani. Fim ɗin da ya yi shekara talatin a ɗaki mai rufin kwano ya sha zafi, rinin nan uku kuma ba tare suke koɗewa ba. Wani an bar shi cikin kyamara daga ƙaramar Sallah zuwa babba kafin a kai wanki. Wani an wanke shi da maganin da ya gaji. Irin wannan za ka gyara wurin haske, inuwa ta yi kore, ka gyara inuwa, wurin haske ya yi ruwan hoda. Ana iya rage shi in ka bi ja da kore da shuɗi ɗaya-ɗaya, amma ba kullum yake fita duka ba. Wasu ma suna cewa farar fitila ce matsalar, a yi amfani da mai ja da kore da shuɗi zalla don ta fi kama da yadda takarda ke ganin fim. Hujjarsu tana da ƙarfi. Sai dai ga mai kwali ɗaya na hotunan gida, ban ga ya kamata ya fara daga nan ba.

Kwantar da hankalinka da wannan: hoton da ke cikin albam ɗinku ma ba launin gaskiya ba ne. Wani ne ya zauna gaban inji a ɗakin wanke hoto ya danna abin da ya ga ya dace, mai yiwuwa yana sauri don layi ya yi tsawo, sannan takardar ta yi nata koɗewar. Ka ajiye shi kusa ya yi maka jagora, ba alƙali ba. Ni alƙalina shi ne wanda ya halarci wurin. Na taɓa shafe dare ina gyara wani hoto har na gamsu, da safe na nuna wa gwaggona, ta kalla sau ɗaya ta ce, "Kai, wannan zanen ai ruwan ƙasa ne, wa ya mai da shi ja?" Na koma na bi zanen, sai fuskokin ma suka daidaita.

Ba gara in sayi sikana in huta ba?

Saya. Za ka huta da ƙura, ka gaji da jira. Kuma kada lambar ɗigo 6,400 a kowane inci da ke jikin kwalin sikana mai faɗi ta ruɗe ka, abin da take fitarwa a zahiri bai kusa da haka ba.

Negatif ɗin ya yi fumfuna, wani kuma yana warin tsami. In wanke da ruwa?

Subhanallahi, a'a! Fumfuna tana cin fuskar fim, wurin da ta ci kuwa ruwa yana narkar da shi, ka wanke hoton mahaifinka ya bi rariya. Ɗauki hotonsa tukuna yadda yake. Bayan nan, in ka ga dole, gwada sinadarin goge-goge na isopropyl mai ƙarfin kashi 99 da auduga a gefen da babu hoto. Mai warin tsami kamar binega kuwa jikin fim ɗin ne ke ruɓewa, ba ya warkewa, kuma yana shafar na kusa da shi. Ware shi, ka fara da shi yau. In ka ga an rubuta NITRATE a gefen wani tsohon fim, nesanta shi da wuta da zafi, yana kamawa kamar fetur.

In na gama zan iya zubar da negatif ɗin?

Wanda ya sake yi mini wannan tambayar, mun ɓata. Fim ya yi shekara arba'in a ƙasan adaka yana nan, kwamfutarka shekara nawa za ta yi? Sa su a rigar ajiyar fim, a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa, ba cikin leda a ɗaure da damina ba. Fayil ɗin RAW kuma a ajiye shi wuri biyu aƙalla, ɗaya ba a gidanka ba. Ka rubuta sunayen mutanen ciki tun masu gane su suna raye.

Na tura wa dangi ta WhatsApp, ai ya zama ajiya ko?

Bai zama ba. Matse hoton yake yi. Tura shi a matsayin fayil in kana so ya isa da girmansa.

Nawa za ka karɓa ka yi mini?

Ba na yi.